Ribaɗi da Ganuwarsa: Gadon da Damina Ke Cinyewa



Mu da muka taso a Kiyako, cikin ƙasar Birnin Kudu, tun muna yara muke jin tsofaffi suna ambaton zamanin harin Ningawa, lokacin da manomi ba ya yin nisa da gari sai da kwari da baka. Amma sai da muka zo jami'a muka gane cewa labarin nan namu yanki ne na wani babban babi a tarihin duniya, wato tarihin jama'o'in da suka haɗa ibada da tsaron iyaka, da kuma gine-ginen da suka bari.

Bari mu fara da na nesa. A wajen shekarar 1119 Kiristocin Turai suka kafa wata ƙungiya a birnin Ƙudus wadda za mu kira Mayaƙan Haikali. Mutanenta sukan yi alkawarin ba aure, ba dukiyar kai, ba saɓa wa shugaba, sa'an nan su ɗauki takobi. Paparoma ya rushe ta a 1312. Takwararta, Mayaƙan Asibiti, ta riƙe wata ƙasaitacciyar ganuwar dutse kusa da Himsa a ƙasar Sham, wadda Larabawa ke kira Ƙal'atul Hisni, tun daga 1142 har Sarkin Misra Baibars ya ƙwace ta a 1271. Tana nan tsaye, kuma a 2006 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya.

Musulmi kuwa sun riga su da nasu tsarin, shi ne ribaɗi: zaman mutane a bakin iyaka domin tsaro da ibada da karatu. A gaɓar tekun Tunisiya akwai ribaɗin Munastir da aka gina a 796, da na Susa wanda hasumiyarsa ke ɗauke da rubutun shekarar 821. Duk biyun na dutse ne, da masallaci da ɗakunan masu gadi, har yau baƙi na shiga suna kallo.

To, wannan tsari bai tsaya a can ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki ribaɗi ginshiƙin tsaron Daular Sakkwato. Ya yi rubutu a kansa, ya zauna da kansa a ribaɗin Wurno, can ya rasu, can kabarinsa yake. A Kano ma Sarki Ibrahim Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi saboda yaƙinsa da Ɗan Tunku. Bayan da Malam Hamza ya bar Tsakuwa a wajen 1846 ya shige duwatsun Ningi, sai kudancin Kano ya zama bakin daga, Gwaram da Birnin Kudu suka zama garuruwan da masarauta ke dogara da su wajen tare hari, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, daga 1855 zuwa 1882.

Akwai bambanci babba tsakanin namu da na Turawa. Mazaunan ribaɗinmu magidanta ne, suna aure, suna noma, suna koyar da almajirai, saboda haka abin da suka bari gari ne mai rai. Kuma wajibi ne mu faɗi gaskiya dukanta: da gumin bayi aka noma gandayen wasu garuruwan ribaɗi, Ningawa kuma suna da nasu labarin a kan dalilin faɗan, wanda ya cancanci a saurara.

Bambanci na biyu shi ne ya tara mu yau. Su sun yi gini da dutse, kakanninmu sun yi da ƙasa. Ganuwar ƙasa ba ta rayuwa sai da yaɓe, kuma a dā sarki ne ke fito da jama'a bayan damina a gyara inda ruwa ya ci, a yashe gwalalo. Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi ya ƙare, gyara ya tsaya. Daga nan ruwan sama ya yi nasa, mai neman ƙasar tubali ya yi nasa, mai neman fili ya yi nasa. Wanda ya dubi yadda aka cinye badalar Kano, mai suna da masu kula, zai san halin da ganuwar ƙaramin gari take ciki.

Wani zai ce jama'ar da ke fama da rashin ruwan sha da magani ina ruwansu da tsohon tudun ƙasa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin asibiti a yi yaɓe ba. Abin da muke nema ba ya cin kuɗi. Zanen dutse na Birnin Kudu, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya sami kariyar doka ne domin an je an duba an rubuta. Abin da ba a rubuta ba, ba mai kare shi.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya sami dattijan garinsu ya tambayi inda ganuwa ta bi, da sunayen ƙofofi, da wanda ya gina, ya auna abin da ya rage da taku, ya ɗauki hoto, ya kawo wa ƙungiya mu tattara. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, musamman na ofisoshin filaye da ƙananan hukumomi, idan takardar rabon fili ta zo teburinku, ku tambaya ko a kan ganuwa za a yanka, kafin ku sa hannu. Dattijan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, damina kuma ba ta fashi.

Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amana.