Mai Farfaɗiya, Jiƙo da Lafiyar Hanta

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Kurya Madaro da kewaye



A gidaje da yawa, mai farfaɗiya yana shan magani iri biyu. Da safe ya haɗiyi ƙwayar asibiti, da dare a ba shi jiƙon sassaƙe ko saiwa. Neman sauƙi ne ya sa iyaye yin haka, amma akwai abin lura.

Hanta ita ce ke tace maganin da mutum ya sha. Ƙwayoyin farfaɗiya, irin su fenobabiton da Tegretol da Epilim, duk ta nan suke bi. Jiƙo ma haka. Kaya biyu ke nan a kan jaki ɗaya. Wani tsiron yana sa hanta ta fitar da ƙwaya da wuri, sai faɗuwa ta dawo. Wani kuma yana sa ƙwayar ta taru cikin jini, sai jiri da yawan barci. Ga shi jiƙo ba shi da awo. Na yau yana iya fin na jiya ƙarfi.

Saboda haka a kiyaye abu huɗu.

1. Kada a daina ƙwaya farat ɗaya don an sami na gargajiya. Yin haka yana jawo faɗuwa a kai a kai, har a rasa rai.

2. Kada a ɓoye wa likita. Ranar zuwa Babban Asibitin Ƙaura Namoda, a tafi da sassaƙen ko kwalbar, a faɗi yadda ake sha.

3. A guji haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, musamman wanda ake talla ranar kasuwa.

4. Kada a ci gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. Dafinta yana lalata hanta.

Idan idon majiyyaci ya zama ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko amai da kasala suka dame shi, to, alamar shawara ce ko ciwon hanta. A ajiye jiƙo, a kai shi asibiti ran nan, a auna jininsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya suna iya daina faɗuwa idan suka sami magani daidai. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.