Mai Kiwon Kifi, Ruwa Yake Kiwo: Jawabi Kan Wankin Tafki da Kula da Shi a Yanayi Huɗu na Shekara



Shugaban taro, iyayenmu hakimi da masu unguwanni, malamanmu limamai, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, 'yan'uwa da suka taso daga Legas da Abuja da Fatakwal da Kaduna, muna yi wa kowa barka da zuwa gida. An nemi mu ce wani abu kan sana'ar da ta shigo gidajenmu a Gyadi-Gyadi da Tarauni, har Darmanawa da Unguwa Uku da Daurawa, wato kiwon kifi a tafkin siminti ko na tamfol a bayan gida. Da yawa daga cikinku ku ne kuka aiko da kuɗin ginin, wasu kuma garatutinsu suka zuba a ciki. Saboda haka maganar ta shafi dukiyarku da zumuncinku.

Tushen al'amarin

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Arewa. An kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951, aikin binciken Tafkin Kainji kuma, wanda ya zama cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya fara a 1968. A nan Kano, an kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta Challawa kuma a 1992, duka biyun sun zama wuraren su. Abin da ya sauya shi ne kifi ya baro dam ya shigo tsakar gida. Kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini, yawancinsu an cike su an yi gidaje. Rikicin yankin Tafkin Chadi kuma, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015, ya taɓa cinikin kifi banda da ake kawowa daga can. Sai jama'a suka koma ga tarwada, kifi mai juriya wanda yake iya kai kilo 1 cikin wata 5 zuwa 6 idan ya samu kulawa.

Sai dai juriyar tarwada ita ce take yaudarar masu ita. Allah Ya hore mata wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, don haka takan rayu a ruwan da zai kashe karfasa. Amma rayuwa daban, girma daban. A rafi, ruwa yana tafiya da ƙazanta. A tanki kuwa, kashin kifi da ragowar abinci suna kwanciya a ƙasa, su ruɓe, su haifar da gubar amoniya, su cinye iskar oksijin. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mai tafki, in ya fahimta, ruwa yake kiwo. Kifi amfanin gona ne kawai.

Babban wanki

Shawararmu ita ce a tsara zubi ta yadda za a kwashe kifi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da hunturu yake ban kwana, bazara ba ta kankama ba. Hikimar a fili take: idan zafi da ƙarancin ruwa suka zo, ƙananan kifi ne a tafkin, buƙatarsu ta ruwa da iska kaɗan ce. Zubi na biyu kuma, na Satumba ko Oktoba, zai riski sanyi kifin ya yi ƙwari.

Ga yadda aikin yake. Da farko a zubar da ruwan baki ɗaya, a kwashe laƙar da ta taru. Sannan a goge bango da daɓe da buroshi mai ƙarfi da ruwan gishiri. Kada a kusanci tafki da sabulu ko garin wanki ko maganin ƙwari, domin ɗan abin da ya maƙale a siminti ya isa ya halaka 'ya'yan kifi. Bayan an ɗauraye, a bar tafkin a buɗe rana ta dake shi kwana 3 zuwa 7. Ranar Kano magani ce da ba a biya. A wannan tsakanin ne ake duba tsaga, a gyara bututun shiga da na fita, a wanke raga da bokitai da ruwan gishiri a shanya su.

Idan an yi sabon yaɓe, a tuna cewa ɗanyen siminti yana sakin sinadari mai ƙona fatar kifi. A cika tafkin da ruwa, a jiƙa shi mako 2 zuwa 3 ana sauyawa. Kafin a zuba dukan jari, a fara gwadawa da kifi kaɗan na kwana biyu. Ruwan famfo, idan an samu, a bar shi ya kwana a buɗe kulorin ya fita. Na rijiyar burtsatse kuwa ba shi da wadatacciyar iska, sai a sako shi daga sama yana fantsama.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, alhali tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Ruwa idan ya ɗumama, iskar da yake riƙewa raguwa take yi, dafin amoniya kuma ya ƙaru. Don haka a yi wa tafki rumfa ta zana ko raga, a ƙara zurfin ruwa, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsa da sassafe ko da yamma. Ba a ciyarwa da tsakar rana. A zuba abin da za su cinye cikin minti 15, abin da ya rage a tsame shi. Kuma a riƙa tace ƙananan kifi duk mako 2, a ware manya, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da inji domin jawo ruwa ya zama babban nauyi. Wanda zai aiko da kuɗin ƙara tanki, gara ya fara tunanin famfo mai aiki da hasken rana da kuma tankin ajiya. Yawan kifi ya bi yawan ruwan da gida yake da shi a Afrilu, ba wanda yake da shi a Agusta ba.

Damina

Ruwan farko yana wanko ƙurar rani da tsatsar kwano. Kada a bar indararo ya zuba a tafki. A Agusta, watan da ya fi kowanne ruwa, a tabbatar bututun ambaliya yana aiki kuma an sa masa raga, domin tarwada tana iya jan ciki ta fice idan ruwa ya kai baki. A ɗaga gefen tafki yadda ruwan kwata, mai ɗauke da baƙin mai da shara, ba zai shiga ba. Abincin kifi kuma a ɗora shi kan katako nesa da laima, domin wanda ya yi funfuna guba ne.

Kaka da hunturu

Kaka lokacin wanki na biyu ne da sabon zubi. Idan sanyi ya sauka a Disamba da Janairu, dare yakan yi ƙasa da digiri 15, kifi ya rage cin abinci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da zuba abinci kamar da, ya ruɓe a ƙasa. A rage shi, a jira rana ta ɗaga kafin a bayar. A rufe tafki da tamfol da dare, a bar kafar iska. Hakan zai tare sanyi da ƙura. Sauyin ruwa kuma a yi shi da hantsi.

Haƙƙin maƙwabci

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kifi muhimmanci. Unguwanninmu sun cika, gida na jingine da gida. Ruwan tafki idan aka sake shi a lungu, wari yake yi, ya kwanta ya zama gidan sauro, ya jiƙa gindin katangar wani. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, ribar da aka samu da cutar da shi kuwa ba ta da albarka. Alhali wannan ruwa taki ne: a juya shi ga zogale da alayyafo da ayaba da gwanda, saura kuma a haƙa masa rami. Laƙar da aka kwashe a busar da ita a kai lambu. Kifin da ya mutu a binne shi, kada a jefa a kwata. Wanda aka ba magani kuma kada a sayar da shi sai kwanakin da likitan dabbobi ya ƙayyade sun cika.

Sai kuma yara. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya cin ran yaro mai rarrafe. Kowane tafki ya samu murfin waya mai ƙarfi ko shinge mai ƙofa da kwaɗo, ko da a ranakun jiƙa siminti ne da babu kifi a ciki.

Kira ga mazauna birane

'Yan'uwa, aiko da kuɗi ba shi ne kiwo ba. Ku damƙa tafkin a hannun mutum ɗaya sananne, ku yanka masa lada ko kaso, ku saya masa littafi ya riƙa rubuta ranar zubi, yawan abinci, ranar sauya ruwa da adadin da ya mutu. Mu da muka yi aikin makaranta mun san rajista ba ta ƙarya. Idan hali ya yi, ku daidaita zuwanku gida da lokacin babban wanki. Muna kuma ba wannan ƙungiya shawarar ta kafa ƙaramin kwamiti da zai zagaya tafkunan mambobi kafin bazara da kafin damina, ya duba magudana da murfi, ya gayyato malaman gona su horar da matasanmu. Rigakafi, in ji magabata, ya fi magani.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kare zuri'armu, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, Ya mayar da kowa masaukinsa lami lafiya.