Itacen da Ba Shi da Ɗan'uwa

Jawabin yau a kan wani itace ne, dangin giginya da dabino, wanda masana ke kira Hyophorbe amaricaulis. Duk faɗin duniya guda ɗaya tak aka sani ya rage.

Yana tsibirin Morishus, cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Tsibirin yana da zafi, amma a tsakiyarsa akwai tudu mai sanyi-sanyi da yawan ruwan sama, inda garin Kurpip yake. Cikin 1870 aka kafa lambun gwamnati a garin, domin tsire-tsiren da ba su jure zafin bakin teku. Nan itacen yake tsaye, siriri, tsawonsa kamar ƙafa 40. Ana zaton sauran kurmin dā ne, tun ba a sare dazuzzukan tsibirin an shuka rake ba.

Ba kulawa ya rasa ba, gama an kewaye shi da shinge, ana tsaronsa. Ga inda wuyar take: furen namiji da na mace duk a jikinsa suke, amma ba su buɗewa lokaci guda, ba kuwa wani irinsa da zai yi masa barbara. Masana sun gwada haɗa furen da hannu. Sun ɗauki ƙwayar 'ya'yan, sun rene ta cikin kwalba a ɗakin bincike, ta tsiro, amma ba ta rayu ba. Tsibirin kuwa hanyar guguwar teku ne. Ran da ta kā da shi, irin nan ya ƙare ke nan har abada.

Abin lura a nan shi ne, itace ɗaya ba ya riƙe irinsa, kome kyawun lambu. Giginyar ƙasar Hausa ma tana da namiji da mace, kuma takan yi shekaru da yawa kafin ta fara 'ya'ya. In ana sare manya domin azara, ana tone muruci ba a barin na iri, wata rana sai labari.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umarci Dagatai su ƙidaya giginyun ƙasarsu, malamai su rubuta. Wanda ya sare ɗaya, lalle ya binne ƙwallo da yawa a madadinta, ya tsare su daga dabbobi. Rigakafi ya fi magani.