Idan Labarin Rediyo Ya Zama Hirar Addini a Wurin Aiki

 

Maganarmu ta yau wasiƙar wata uwa ce ta jawo ta. Ta ce 'yarta tana aikin jinya a asibiti, kuma akwai wata Kirista da suke ɗaki ɗaya. Duk ranar da aka ji labari a rediyo, ko ambaliya ko hatsarin mota ko rikici, sai wannan abokiyar aiki ta kawo zancen Yesu. Uwar ta ce hankalinta ya tashi, har tana tunanin ta sa maigida ya cire yarinyar daga aikin. To Hajiya, kafin a kai ga haka, bari mu zauna mu duba.

Da farko mu san dalilinsu. Kirista mai riƙo da addininsa yana ɗaukar shelar bishara a matsayin wajibi, kamar yadda mu Musulmi muke ɗaukar da'awa. Umarnin yana nan a ƙarshen Linjilar Matiyu, sura ta 28. A majami'u ana koya musu cewa ba sai an hau mumbari ba, hirar yau da kullum ma hanya ce. Labarai kuwa su ne suka fi sauƙi, domin kowa ya ji su, kowa yana da abin faɗa. Idan aka ce mutane sun mutu, zuciya tana tambayar ina suka tafi. Idan aka ce an zalunci wani, ana tambayar wa zai saka masa. A nan ne mai bishara yake saka tasa amsar. Dokar ƙasa ma ta ba shi dama: sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Ni ma na taɓa gani da idona. A watan Yuni na 2018 aka kai hari ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. Mutane suka gudo zuwa ƙauyen Nghar Yelwa, inda wani dattijo, Liman Abubakar Abdullahi, mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci. Mata ya kai su gidansa, maza ya sa su a masallaci. Da maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya yi ta roƙonsu har suka tafi. Da aka tambaye shi daga baya, ya tuna cewa Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin shekaru da dama da suka wuce. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo.

Ranar da muka karanta labarin a ɗakin labarai, wata abokiyar aikina Kirista ta fashe da kuka. Da ta natsu ta ce min, a littafinsu akwai labari irin wannan, a Luka sura ta 10: 'yan fashi sun sassari wani matafiyi suka yar a hanya, manyan addininsa biyu suka wuce shi, sai wani Basamariye, wanda ba sa ga maciji da mutanensa, shi ya tsaya ya ɗaure masa rauni ya biya kuɗin jinyarsa. Na saurare ta har ta gama. Sai na ce, ai mu ma muna da namu. Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmin farko a Makka, Annabi (SAW) ya tura su Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista. Aka aiko a mayar da su, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, sarkin ya ƙi ba da su. Ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba. Muka tashi, ita tana nan Kirista, ni ina nan Musulma, amma daga ranar ko ɗana ne ba lafiya ita ce ta farko da take tambaya.

Amma fa kowane abu yana da iyaka, kuma ina so Kiristocin da ke sauraronmu su ji wannan. Labarin mutuwar mutane ba ƙugiya ba ce ta kamun kifi. Wadda aka kashe wa ɗan uwa jiya, ta'aziyya take bukata. Idan kika fara magana aka ce miki a bar zancen, ki bari. Idan ke ce shugaba a ofis, kada ki yi wa na ƙasa da ke wa'azi, domin ba ta da bakin ce miki a'a. Marar lafiya a kan gado ma haka. Wannan ƙa'ida ta hau kanmu mu ma Musulmi idan mu ne masu rinjaye a wurin.

To Hajiya mai wasiƙa, ga shawarata. Ki zaunar da 'yarki ki tambaye ta: wannan mata tana zagin addininki ne, ko tana faɗin nata? Tana matsa miki bayan kin ce a'a? Idan zagi ne ko matsi, ta kai ƙara wurin shugaban sashe, haƙƙinta ne. Idan kuwa hira ce kawai, maganinta ilimi. Yarinyar da ta yi Islamiyya ta san Annabi Isa (AS) da Nana Maryam, hirar ofis ba za ta girgiza ta ba. Ta amsa da ladabi, abin da ba ta sani ba ta tambayi malami. Cire ta daga aiki kuwa, mu matan kulle mu za mu fi kowa asara, don mu ne muke neman mace ta duba mu idan haihuwa ta zo.

Ku ma a cikin gida kuna da abokan hulɗa: mai kitso, mai kawo kaya, malamar allurar rigakafi. Idan labari ya tashi, a fara da jajantawa kafin komai.

Lokaci ya ƙwace mana. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.