Wa zai ba da agogo? Rubutaccen shirinmu kan saita layin E1

 Yau za mu amsa saƙon wani ƙanenmu ɗan Sabon Birni, can yankin Gwarzo da Kabo, da ke koyon aikin netwok a Kano. An ba shi aikin farko: ya haɗa layin E1 na kamfanin waya da rautar Cisco 2911 a wani ofis, wato na'urar da ke raba kira zuwa wayoyin ma'aikata. Kira yana shiga, amma ana jin ƙas-ƙas cikin magana, faks kuma yana yankewa. Ya canza kebul, bai daina ba. Maigidansa ya ce in ba a gyara ba, a kuɗin aikinsa za a sayi sabon kati.

To ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Da na duba saitin da ka turo, layi ɗaya na gani: clock source internal.

Bari mu fara daga tushe. E1, wanda muke amfani da shi a Najeriya, gudunsa megabit 2.048 ne a daƙiƙa, an yanka shi gida 32, kowanne kilobit 64. Gida na 0 na jera saƙo ne, na 16 na siginar kira, saura 30 na magana. Amurka T1 suke amfani da shi, mai gida 24, saboda haka kada ka kwafo saitinsu kai tsaye.

Agogon da muke nufi ba na ƙarfe nawa ba ne, wancan aikin NTP ne. Wannan bugu ne, sau 8,000 a daƙiƙa ake turo jerin saƙo. Ka tuna lugude a gida: mata biyu, turmi ɗaya. Ɗaya ce ke ja, ɗaya na bi. In kowacce ta bi nata bugun, taɓare za su yi karo, hatsi ya zube. Haka nan in rautarka na bin agogonta, kamfani na bin nasa, lokaci-lokaci sai jeri ɗaya ya faɗi ko a maimaita shi. Kunne zai ji ƙas ya wuce, amma faks ba ya yafewa.

Ga tsarin, bi da bi. Na farko, card type e1, ka gaya wa katin ko shi wane ne. Na biyu, network-clock-participate, don katin ya shiga agogon rautar. Na uku, isdn switch-type primary-net5. Sai ka shiga controller e1 ka sa linecode hdb3. Batun framing kuwa, crc4 ne ko no-crc4, kada ka yi kirdado, tambayi kamfanin. Sannan clock source line, wato “na bi naku”, da pri-group timeslots 1-31. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, network-clock-select 1, ka nuna wannan layin, don cikin rautar ma ya bi shi.

Ina zargin daga ɗakin gwaji ka kwafo internal ɗin nan. A can daidai ne, domin rauta biyu ne ke fuskantar juna, dole ɗaya ta ja. Amma a gaban kamfanin waya, kai mabiyi ne.

Bayan ka gyara, rubuta show controllers e1, ka duba Slip Secs. Duk minti 15 yake buɗe sabon ƙidaya. Ka bar shi awa guda; in sifili kake gani, ka kira maigida ya aika faks da hannunsa. In kuma lambar na hawa, turo mana hoton show network-clocks mu duba tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.