A Tuɓe wa Majinyaci Takalminsa



Ba zan tsaya bayanin mece ce jijiya ba, illa in tuna mana cewa Bahaushe ya haɗa mai kai jini da mai kai saƙo a suna guda; ni kuwa ta biyun nake nufi, wadda ta taso daga laka ta bazu har kan yatsu, wadda da ita ne ɗan Adam ke bambance ƙaya da auduga. Mafi tsawonta ita ke fara gazawa, saboda haka illar kan soma daga yatsun ƙafa, hagu da dama, sa'an nan ta hauro. Wani ya ce tafin ƙafarsa na raɗaɗi da dare kamar an zuba barkono, wani ya ce kiyashi ke yawo a ciki, wani kuwa, wanda shi na fi ji wa tsoro, ba ya kukan komai, sai dai silifa ta suɓuce masa a hanya bai sani ba.

Sabubban kun san su: giya, ƙarancin bitamin B12, maganin tarin fuka na isoniazid idan aka ba da shi ba tare da B6 ba, da gubar rogo marar kyakkyawan jiƙo, wadda Farfesa Osuntokun na Badun ya yi bincike a kanta. Amma babbansu a yau ciwon sukari ne, domin kusan rabin masu shi jijiyarsu kan taɓu in an daɗe.

Hujjata, wadda wasunku suka gaji da ji, ita ce kuturta. Hansen ya gano ƙwayarta a Norwe cikin 1873, amma aka daɗe ana zaton ita ce ke cinye yatsu, har likita Paul Brand, yana aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ji ne ƙwayar ke kashewa, sauran ɓarnar kuwa rauni ne a kan rauni: mutum ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ƙuna ba, ya taka ƙusa ya wuni a kanta, gyambo ya buɗe, ƙashi ya ruɓe. Zafin da muke gudu ashe rahama ce, shi ne mai gadin jiki. To, abin da ya sami kuturu jiya shi ke samun mai sukari yau, ba ragi ba ƙari, sai dai shi ba a tsangwamarsa. Na ga dattijon da ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu, barci ya kwashe shi, ƙaurin fata ne ya farkar da iyalinsa. Shekara bakwai yana zuwa awon sukari, kuma ya shaida mini ba a taɓa cewa ya tuɓe takalmi ba.

An ce majinyata sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, na'urar awon jijiya kuma babu. Wannan uzuri ban karɓe shi ba. Zaren roba mai nauyin giram 10 da ake dangwala wa tafin ƙafa bai kai kuɗin sirinji kwali guda ba, gwajin kuwa bai kai tsawon rubuta takardar magani ba. Gafala ce kurum. Mun shagala da lambar da ke jikin takarda, alhali mai lambar yana zaune gabanmu da ƙafa a rufe.

Abin da nake nema daga hukumar lafiya bai canja ba: a wajabta duba ƙafar kowane mai sukari aƙalla sau ɗaya a shekara, a rubuta a katinsa, a kuma auna B12 ga wanda ya daɗe kan maganin sukari na metformin. Ku kuma malamai da limamai, ga ku ga jama'ar da ke tsettsefe yatsun ƙafa a alwala sau biyar a yini. Ku gaya wa mai sukari ya riƙa duba abin da yake wankewa, ya daina ratsa farfajiyar masallaci ba takalmi da azahar, in ya ga faso ko ƙwarzane kada ya kwana bai nuna wa likita ba.