KUƊIN MOTAR ƊALIBI: WA KE BIYA, WA KE YANKEWA?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa a zaman ƙara wa juna sani, kan yadda ake tafiyar da makarantun gwamnati a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, da yadda ɗaliban can suka samu shiga motar haya kyauta. A sha karatu lafiya.



'Yan'uwa, maudu'in wannan zama ƙarami ne a ido, wato kuɗin motar da yaro zai biya ya je makaranta ya dawo. Amma duk wanda ya bi sawun wannan ɗan kuɗi, to zai kai shi har cikin zauren da ake rabon dukiyar jama'a, ya ga su wane ne ke zaune a wurin, wa ya zaunar da su, kuma maganar wa suke ji. Misalin da za a bi shi ne na birnin Los Anjeles, sannan a leƙa Sakramento, babban birnin jihar.

INDA MATSALAR TAKE

A Kalifoniya doka ba ta tilasta wa hukumomin ilimi su ba kowane ɗalibi motar makaranta ba. Waɗanda aka wajabta a yi wa tanadi su ne irin yara masu naƙasa da aka rubuta musu buƙatar hakan, da yaran da ba su da matsuguni. Saura kuwa, kowa tasa ta fisshe shi. Los Anjeles birni ne shimfiɗaɗɗe, unguwa da unguwa tafiya ce mai nisa. Ɗan mai hali ubansa zai sauke shi a ƙofar makaranta. Ɗan talaka sai ya tsaya bakin titi yana jiran bas. Kafin 2021, katin shiga bas na wata guda ga ɗalibi dala 24 ne. Gida mai yara 3 zai fitar da dala 72 kowane wata, ban da haya, ban da abinci.

Abin bai tsaya nan ba. Birnin yana da doka da ta hana yaro yawo a waje lokacin karatu. Daga 2004 zuwa 2009, 'yan sanda sun rubuta wa ɗalibai takardun tara sama da 47,000, mafi yawansu 'ya'yan baƙaƙen fata da 'ya'yan mutanen Latin Amurka. Tarar kan kai dala 250. Wasu yaran an kama su ne dab da ƙofar makaranta, jaka a baya, bas ce ta yi musu latti. To, 'yan'uwa, yaron da ya san in ya makara tara ce ke jiransa, me zai yi ranar da bas ta wuce shi? Sai ya zauna a gida. Dokar da aka kafa don korar yara zuwa aji sai ga ta tana korar su daga aji. Sai da ɗalibai da iyaye da ƙungiyoyin masu hawa bas suka yi shekaru suna fafutika kafin majalisar birni ta sassauta dokar a 2012.

SU WANE NE MASU YANKE HUKUNCI?

A Amurka an kasa makarantun gwamnati gunduma-gunduma, kowace gunduma da majalisar da ke gudanar da ita. Gundumar Los Anjeles ita ce ta biyu a girma a duk ƙasar, bayan ta Niyok, tana da ɗalibai kimanin 400,000. Majalisarta mutum 7 ne, kuma jama'a ke zaɓensu da ƙuri'a, kowane daga yankinsa. Ba gwamna ke naɗa su ba, ba kuma magajin gari ba. Su ke ɗaukar babban jami'in da zai shugabanci ma'aikata, su ke iya sallamarsa. Su ke amincewa da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, su ke cewa a buɗe makaranta ko a rufe ta. Babban aikinsu kuwa shi ne amincewa da kasafin kuɗi. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, kasafin wannan gunduma ɗaya dala biliyan 18.4 ne, a hannun mutum 7.

Saboda irin wannan ne jihar ta yi wata doka tun 1953, ana ce mata Dokar Brown. Ta ce dole zaman irin waɗannan majalisu ya zama a bainar jama'a, a manna ajandar zama na yau da kullum awa 72 kafin a zauna, a kuma ba duk wanda ya zo dama ya miƙe ya faɗi albarkacin bakinsa. Har ila yau, shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, kuma ba a amincewa da kasafi sai an yi zaman sauraron jama'a a kansa.

DAGA INA KUƊIN KE ZUWA?

Da can, harajin gidaje da filaye na yanki shi ne ke riƙe da makarantu. A 1978 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan ƙuduri mai lamba 13, wanda ya ƙayyade wannan haraji a kashi 1 cikin 100 na darajar gida. Kuɗin shiga na yankuna ya faɗi warwas, nauyin makarantu ya koma wuyan gwamnatin jiha. A 1988 aka sake wata ƙuri'ar, ƙuduri mai lamba 98, aka yanke mafi ƙarancin abin da jiha za ta ware wa makarantu, kusan kashi 40 cikin 100 na babban asusunta. A 2013 kuma, zamanin Gwamna Jerry Brown, aka kawo tsarin rabon da ake bi: kowane ɗalibi da kasonsa, sannan a ƙara kashi 20 cikin 100 a kan ɗan talaka, da mai koyon Turanci, da yaron da ke hannun masu riƙo.

To, a nan ne ya kamata 'yan'uwa su kasa kunne. Jiha tana biyan gunduma ne bisa yawan yaran da suka halarci aji, ba bisa yawan sunayen da ke cikin rajista ba. Yaro ya yi fashi, ko da ciwo ne ya kwantar da shi, ba a lissafa wannan rana. Kason ɗalibi ɗaya ya haura dala 10,000 a shekara, kwanakin karatu kuma 180 ne. In aka raba, kowace rana ta fi dala 55. Wato ranar da yaro ya zauna a gida don rashin kuɗin mota, shi ya rasa darasi, gundumar kuma ta rasa kuɗi.

Sai dai kada a ji biliyoyi a ɗauka majalisa tana da sakewa. Kusan kashi 4 cikin 5 na kasafin gunduma albashi ne da alawus da fansho, an riga an ɗaure su da yarjejeniya. Wani kason kuma ya zo ne da sharaɗin abin da za a yi da shi. Gundumar da ta kashe fiye da ƙarfinta tana iya rasa ikonta baki ɗaya, kamar yadda ya faru da Oakland a 2003, inda jiha ta ba ta rancen dala miliyan 100, ta kuma ɗora mata kantoma. Don haka ɗan abin da ya rage shi ake kokawa a kansa, kuma kuɗin motar ɗalibi yana cikin wannan ragowa.

YADDA AKA SAMU KATIN KYAUTA

A watan Oktoban 2021, hukumar sufurin yankin, wato Metro, ta fara gwajin wani shiri mai suna GoPass. Ɗalibi zai karɓi kati daga makarantarsa, ya shiga bas ko jirgin ƙasa ba tare da biyan ko kwabo ba, ranar makaranta da ranar hutu. Sharaɗin shi ne sai gundumarsa ta shiga shirin, ta biya wani abu kan kowane ɗalibinta a shekara. An fara da dala 3, daga baya aka mayar dala 7. A watan Afrilun 2024 shugabannin Metro suka mayar da shirin na dindindin.

Yanzu a yi lissafi. Dala 7 sau ɗalibai 400,000 ya ba da dala miliyan 2.8. A cikin kasafin dala biliyan 18.4, wannan kimanin dala 1 da rabi ne a cikin kowace dala 10,000. Kuma in katin ya sa yaro ya zo aji rana ɗaya tak da da bai zo ba, kuɗin wannan rana ya biya katinsa kusan sau 8.

Adalci ne a faɗi hujjar masu ja. Sun ce ana biya ne kan kowane ɗalibi, har da wanda bai taɓa taka bas ba. Sun ce yaro ɗan shekara 6 ba ya shiga motar haya shi kaɗai, kuma kati ba ya amfanar unguwar da bas ba ta zuwa a kan lokaci. Sun ce dala miliyan 2.8 za ta ɗauki malamai da dama. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa kati bai ɗauke wa majalisa nauyin motocin makaranta na ƙananan yara ba. Amma malamin da aka ɗauka zai koyar da wanda ya iso aji ne kawai.

ABIN DA YA FARU A SAKRAMENTO

Birnin Sakramento ya riga Los Anjeles. Tun watan Oktoban 2019 ya fara shirinsa mai suna RydeFreeRT, majalisar birni tana ba da dala miliyan 1 a shekara. A 2024 birnin ya samu giɓin dala miliyan 66 a kasafinsa, sai aka kawo shawarar a janye wannan tallafi. Me ya sa aka waiwayo shi? Saboda babu dokar da ta wajabta shi, kuma mafi yawan masu amfana da shi ba su kai shekarun zaɓe ba. Ɗalibai da iyaye suka je zauren majalisa, suka yi layi, suka yi magana ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe gundumomin makarantun yankin suka sa hannu a aljihu, aka raba nauyin, shirin ya tsira a wannan shekara.

DARASIN DA KE CIKI

Na farko, babu abin da ake kira kyauta a kasafin gwamnati. In ɗalibi bai biya ba, to gunduma ta biya, ko birni, ko hukumar sufuri, kuma duka daga harajin jama'a ne. Mai neman haƙƙi dole ya san asusun da zai fito, da mutanen da ke riƙe da makullinsa.

Na biyu, lissafi ya fi ihu tasiri a gaban majalisa. Matashin da ya miƙe ya ce ga dala 7, ga dala 55, ya yi wa 'yan majalisa magana da harshen da ba za su iya kauda kai daga gare shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya nuna wurin da yatsa.

Na uku, abin da aka samu a bana ana iya ƙwace shi baɗi, domin kasafi duk shekara ake sake shi. Matasan can sun gane haka, shi ya sa suka nemi kujera a cikin zauren kansa. Dokar jihar ta ce in ɗaliban sakandare 500, ko kashi 10 cikin 100 nasu, suka sa hannu a takarda, dole majalisa ta ba ɗalibi kujera. Ana rubuta ra'ayinsa, ko da yake ba a ƙirga shi cikin ƙuri'un da ke yanke hukunci. A biranen Oakland da Berkeley kuwa an wuce nan: a watan Nuwamban 2024, 'yan shekara 16 da 17 sun jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar makarantu a karo na farko.

Saboda haka, 'yan'uwa, matashi ya koyi karanta kasafi kamar yadda yake karanta littafinsa na aji. Ya san ranar zama, ya nemi ajanda tun kafin ranar, ya tafi da alƙalumansa a rubuce, ya kuma tafi da abokansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da ake rabo, wanda ba ya zaure kasonsa ake fara yankewa.